BAI DACE BA

Shafi na 24

Masu turo min saƙo tun da safe wai na bar ku a tsaye bakin ƙofa, to ga kujera, ku zauna. Amma ban yi wa kowa alkawarin zai tashi da fara'a ba.

Umma tana kicin tana juye miya marar gishiri a cikin kula, wadda za ta kai wa maigidanta asibiti, sai ga sallamar matar Auta. Tun da ƙodar maigidan nata, Kafinta, ta ajiye aiki, gidan ya koma cin abinci lami, domin Umma ta ce ba za a ci mai daɗi a gabansa ba. Ruwan sha ma sai an auna masa a ɗan kofi, mutumin da a da in ya dawo daga shago yake shanye babban kofi a tsaye ya miƙa a ƙaro. Yau ranar wankin ƙoda ce. Tilo, 'yarsu ɗaya tal a duniya, ita ta raka shi tun da sassafe, Umma kuma za ta bi su da abinci.

Matar Auta ta shigo tana haki, ciki ya yi mata gaba, hannunta riƙe da ledar lemo da ayaba. Umma ta dubi ledar ta kau da kai. Duka biyun likita ya hana Kafinta ci, amma ba a koya wa baƙo hankali daga shigowarsa. Ta karɓa, ta yi godiya, ta turo mata kujera.

Auta ƙanin Kafinta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin da aka kawo Umma gidan, ta tarar da shi ɗan mitsitsi da majina a hanci, uwarsu ba ta daɗe da rasuwa ba. Ita ta goya shi, ita ta wanke masa shimfiɗar fitsari, ita ta yi jinyarsa da ƙyanda ta kama shi. Shi ya sa har yau da gemunsa Umma yake ce mata.

Ita kuwa Umma, maƙwabta Saboda-Gobe suke kiran ta, kuma sunan ya bi ta da gaskiya. Komai nata biyu ne: makulli biyu, tukunyar gas biyu, har allura ba ta yarda ta zauna ita kaɗai a gidan. In ka tambaye ta, amsar ɗaya ce, saboda gobe. Ranar da likita ya ce wanki ba zai riƙe Kafinta har abada ba, sai an yi masa dashen ƙoda daga wani makusancinsa, ko gezau ba ta yi ba. A ranta ta ce ai muna da Auta. Ita da kanta aka fara gwadawa, hawan jini da ciwon suga suka fitar da ita. Tilo kuwa ko zancen ba ta bari an ɗauko ba, ta ce yarinyar da ko aure ba ta yi ba babu mai taɓa mata ciki.

Aka gwada Auta, likita ya tara su ya ce a yi haƙuri, bai dace ba. Ranar Auta ya yi kuka har da shessheƙa. Umma ce ta rungume kansa, ta share masa hawaye da gefen mayafinta, tana cewa haka Allah ya so. Har mutanen da ke zaune a layin ganin likita sai da suka yaba wa tawakkalinta.

Matar Auta ba ta zauna a kujerar ba. Sai ta dafa bango, ta durƙusa da ƙyar.

"Umma, godiya na zo yi. Na daɗe ina so in zo, kunya ke hana ni."

"Godiyar me kuma? Tashi kada ki ji wa kanki ciwo."

"Yadda kuka yafe masa. Wallahi da wasu ne, ko gaisuwarmu ba za su ƙara amsawa ba."

Umma ta ɗauka rashin zuwansu dubiya take nufi, domin kwana biyu ƙafarsu ta ɗauke daga gidan. Ta ce mata ai babu komai, kowa da hidimar gabansa. Wannan magana mai laushi ita ta kwance bakin yarinyar. Ta fara hawaye, tana faɗin ba laifinsa ba ne shi kaɗai, ita ce ta tasa shi gaba da kuka, ta ce in aka yanka shi wani abu ya faru, wa zai riƙe ta da abin da ke cikinta.

"Da sakamakon ya fito ya dace, Umma, ban ƙara samun barci ba."

Ludayin yana hannun Umma, miya tana ɗiga a kan murhu.

"Me ya dace?"

Matar Auta ta ɗago kai. Tana ganin fuskar Umma ta san ta yi ɓaranɓarama. 

"Ya ce min... ya ce ya faɗa muku gaskiya, kun ce ya wuce."

"Tambayar ki nake. Me ya dace?"

Babu sauran hanyar komawa baya, sai ta zayyane komai. Jinin Auta ya yi daidai da na yayansa, likita ma ya ce da wuya a samu wanda ya fi shi. Amma kafin a sanar da dangi, sai da likitan ya shigar da shi ofis shi kaɗai, ya rufe ƙofa, ya tambaye shi ko da son ransa ya zo. Ya ce masa babu wanda ake tilasta wa ya ba da gaɓar jikinsa. Idan yana jin tsoro, asibiti ba za su tona shi ba, za su ce wa iyali bai dace ba, shi ke nan. Haka suke yi wa kowa, don kada zumunci ya watse a kan gadon marar lafiya.

Umma ta juya ga murhu. Ta ƙarasa juye miyar, ta goge bakin kular, ta murɗa murfin sosai. Ta kashe gas, ta sake dubawa kamar yadda ta saba. Sannan ta ɗauko ledar nan ta miƙa wa matar Auta.

"Tafi da kayanki. Ba ya cin waɗannan. Da kuna zuwa da kun sani."

*

Ba asibiti ta nufa ba. Shagon askin Auta yana bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. Duk wani katako da ke cikin shagon nan hannun Kafinta ne: kantar da aka jera injinan aski, bencin masu jira, firam ɗin babban madubi. Ya yi su ne a ranakun hutunsa, yana yi yana tsokanar Auta wai in ya zama babban mutum kada ya manta da mai guduma.

Auta yana tsakiyar yi wa wani mai tumbi aski, ya kwashe rabin kai. Umma ta tsaya a bayansa da kula a hannu, ba sallama. A madubi ya gan ta. Ya buɗe baki zai yi murmushi, murmushin ya maƙale. Wanda ya tashi a hannun mace ya san fuskarta ta kowace rana, wannan kuwa bai taɓa ganin irinta ba. Ya kashe injin, ya roƙi mai tumbin ya ɗan ba su wuri. Mutumin ya so ya yi gardama, ya dubi Umma sau ɗaya, ya kifa hularsa a kan rabin askin ya fice.

"Umma, lafiya? Jikin Yaya ne?"

"Matarka ta zo min godiya."

Ya dafa bayan kujerar aski. Bai tambayi godiyar me ba.

"Hawayen da na share maka ranar nan, na mene ne?" in ji ta. "Ina so in sani, don mayafin yana nan ban yar ba."

"Na kunya ne, Umma."

"Kunya. Ka tsaya a gabana kana kuka, ni ina ba ka haƙuri. Ni! Mijina yana kwance ana zuƙe masa jini ana mayarwa, ni ce mai lallashin ka."

Daga nan bakinta ya ɓalle. Ta tuna masa goyon da ta yi masa har bayanta ya sage, ta tuna masa ranar da ya faɗa rami Kafinta ya ɗauke shi a kafaɗa da gudu ba takalmi. Ta nuna masa kantar injinan aski, ta nuna masa benci, ta ce ya duba ko'ina a shagon nan ya nuna mata ƙusa ɗaya da ba yayansa ne ya buga ba. Ta ce mutumin da ya ba ka ƙuruciyarsa gaba ɗaya, kai abu biyu gare ka, ɗaya aka roƙa.

Auta ya bar ta ta gama. Idonsa ya yi ja, amma wannan karon bai yi kuka ba.

"Tsoro na ji. Ba ni da wata hujja. Na ga wuƙa a raina, na ga matata da ciki, ƙafata ta ƙi ɗauka ta."

"Shi yayan naka ba shi da mata?"

"Yana da ita. Yana da 'ya ma."



"Me ka ce?"

"Tilo jininsa ce, Umma. Ta fi ni kusa da shi. Me ya sa ba ki bari an gwada ta ba?"

Hannunta ya tashi sama da kansa. Tun yana yaro ba ta taɓa marin sa ba, yau ma hannun a sama ya tsaya.

"Kada ka kuskura ka ƙara sa 'yata a bakinka."

"Kin ji wa taki tsoro, ba wanda ya ce kin yi laifi. Matata ma nata ta ji wa." Muryarsa ta yi ƙasa. "Tun ina ƙarami nake jin kina ce wa maƙwabta, wannan saboda gobe nake rainon sa. Da dariya kike faɗa, ni ma dariya nake yi. Sai da na zauna a ofishin likitan nan na gane ba wasa ba ne. Ni ma ajiya ne, kamar tukunyar gas ɗinki ta biyu."

Maganar ta shige ta har ƙashi, kuma abin da ya fi ƙona ta shi ne ba ta da bakin cewa ƙarya yake. Ta ƙaunace shi, Allah shaida ne. Amma ta kuma lissafa da shi, kuma ba ta taɓa zama ta raba biyun ba. Kalmar da uwa ba ta so ta furta a kan ɗan da ta raina ta hau harshenta.

"Tsakanina da kai, Allah ya..."

"Yaya ya sani."

Ta tsaya da sauran kalmar a baki.

"Shi na fara faɗa wa, tun kafin likita ya tara ku. Ki je ki tambaye shi."

*

Ɗakin wankin ƙoda dogo ne, gadaje a jere, kowane gado da injinsa a gefe yana ƙugi a hankali. Warin magani ya cika ko'ina. Kafinta yana gadon kusa da taga, an ɗaure masa hannun hagu da filasta, siraran robobi biyu sun fita daga jijiyarsa, jini yana tafiya ta ɗaya yana dawowa ta ɗaya. Hannun nan da a da kanta ta cika shi saboda riƙon zarto, yanzu ya yi laushi ya ɗashe. Tilo ba ta wurin. Ya ce ta ɗan fita, wai nas ce ta kira ta.

Yana ganin Umma ya washe baki.

"Saboda-Gobe, yau kin makara. Ko kin tsaya dafa ta gobe ne?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kula a kan 'yar durowa, ta ja labule tsakaninsu da gadon maƙwabci, ta zauna.

"Daga shagon Auta nake."

Ya dube ta, ya dubi silin. Ya ja numfashi.

"To. Ta fito ke nan."

"Ashe gaskiya ne."

Ya ce gaskiya ne. Auta ya same shi a nan, a kan wannan gadon, ya durƙusa ya kama ƙafarsa, ya ce ya dace amma ba zai iya ba. Shi kuma ya ce masa ya tashi, ya koma wurin likita ya karɓi mafitar da aka ba shi, kuma kada ya bari Umma ta ji.

"Kai ka ce a ɓoye min."

"Ni na ce."

"Baban Tilo, me na yi maka? Shekara nawa ina wanke maka kaya, yau ni ce baren da za a haɗa kai a rufe?"

"Da kin ji, da kin tsine masa. Ni kuma in tafi in bar ku ba ku ga maciji. Ban ga ribar ba."

"Ribar ita ce ranka!"

Matar da ke gadon can ta yi tari. Umma ta rage murya, amma zafin bai ragu ba. Ta ce masa shi ya samu natsuwarsa, ya kwanta yana murmushi kamar wanda ake yi wa tausa, ita kuma ya bar ta da zaman takaba yana tafe. Ta ce da ya matsa wa yaron nan ko sau ɗaya, da kunya kaɗai ta kwantar da shi a gadon tiyata.

"Shi ya sa ban matsa ba," in ji Kafinta. "Ƙodar da aka ciro da kunya, ina zan kai ta? Kullum na gan shi sai in ga abin da na ƙwace."

Injin yana ta aikinsa. Sai ya nuna mata gadon da ke fuskantar nasa da haɓa. An canza zanin gadon, babu kowa a kai. Wani direba ne ke kwanciya a wurin, mai yawan barkwanci, tare suke zuwa tare suke tashi.

"Kin ga wancan? Ya fi ni ƙarfi. 'Ya'yansa maza reras, har an samu wanda ya dace, an sa rana. Bai kai ranar ba. Kada ki ɗauka ba na jin tsoro, Maman Tilo. Duk sanda aka soka min allurar nan sai gabana ya faɗi. Amma na yi aikin katako shekara da shekaru, na san abu ɗaya. In ka kafa kanta a jikin falange, siririn katakon nan, ranar da ka ɗora mata kaya za ta faɗo, kuma ba laifin falangen ba ne. Auta falange ne. Ni ma falange ne. Ke kuma duk kayanki a jikinmu kika rataye."

"Wa'azi za ka yi min?"

"A'a. Ni wa? Na dai gaji da riƙe abin da ba a hannuna yake ba, na sakar wa Mai shi. Tun ranar nake barci."

Ya juyo da kai ya dube ta sosai.

"Ranar da likita ya ce bai dace ba, na ji kin ce haka Allah ya so. Tunda muke ban taɓa jin kin faɗe ta babu wata dabara a bayanta ba. Sai na ji ba na so in ƙwace miki ita."

Umma ta yi wata dariya marar daɗi.

"Na faɗa ne don babu wuyan da zan shaƙa. Yau na samu."

Tana faɗa ta ji nauyin abin da ta faɗa. Ashe tawakkalin da aka yi ta yaba mata na ranar da babu mai laifi ne. Ta miƙe, ta buɗe masa kula, ta sa masa cokali a hannun dama, ta ce za ta sha iska. Bai hana ta ba.

*

A barandar asibitin akwai wani dogon benci na ƙarfe, daidai tagar gilashin ɗakin wanki. Nan ta zube. Mutane suna wucewa, wani da takardar magani, wata da jariri a kafaɗa, babu wanda ya kula da ita. Ta buɗe jaka don ta ɗauko hankici, hannunta ya ci karo da tarin makullanta, kowanne da ɗan'uwansa. Ta dube su. Duk tsawon rayuwarta tana tare ƙofofi, ga shi abin ya shigo ta inda babu ƙofa.

Haushin Auta yana nan bai tafi ba. Haushin Kafinta ma yana nan. Amma a ƙarƙashinsu akwai wata gajiya da ta fi su girma, irin ta wanda ya daɗe da kaya a ka har ya manta da nauyinsa. Ta saba addu'a, ba ta wasa da salla. Sai dai addu'arta kullum da tsari take zuwa, ta gama shirya yadda abin zai kasance, sannan ta roƙi Allah ya sa hannu. Yau ba ta da tsarin komai. Ta sunkuyar da kai, leɓenta yana motsi.

"Ya Allah, ajiyata ta ƙare. Ba ni da kowa a bayan ƙofa. Na bar maka shi. Duk hanyar da ka buɗe, na yarda."

Hawaye suka zubo, masu zafi, ba ta share ba. Abin mamaki, sai ta ji ƙirjinta ya ɗan saki, kaɗan dai, kamar an sassauta ɗaurin zani. Ta zauna a haka tana jin iskar barandar a fuskarta. Rabonta da irin wannan numfashi tun kafin ciwon ya shigo gidansu.

"Umma."

Tilo ce tsaye a kanta, da jakar makarantar da take koyarwa a kafaɗa. Doguwa kamar ubanta, har da ɗan karkata kai in za ta yi magana. Ta zauna kusa da uwar, ta kama hannunta. Tafin yarinyar ya yi sanyi.

"Ina kika shiga kika bar babanki shi kaɗai?"

"Ofishin likita."

Umma ta juyo da sauri. Ta ce ko wani abu aka gani a jikin Kafinta. Tilo ta girgiza kai, ta ce ba shi ba ne. Sai ta fara magana da sauri, idonta a ƙasa, kamar mai tsoron in ta tsaya ba za ta iya ci gaba ba. Ta ce tun bayan da aka ce na Kawu Auta bai dace ba ta kasa sukuni. Duk ranar da ta rako Baba, in an jona shi da injin, sai ta zagaya ɗakin gwaji. An ɗebi jininta, an yi mata hoto, an yi duk abin da ake yi. Ta roƙi nas kada ta faɗa wa kowa. Yau sakamakon ƙarshe ya fito.

"Ya dace, Umma."

Makullan suka zame daga cinyar Umma suka watse a ƙasa. Babu wadda ta sunkuya.

"Ban ce kada ki..."

"Kin ce. Ki yafe min. Gwajin kaɗai na yi a ɓoye. Amma wuƙa ba zan kwanta mata ba sai da yawunki."

Umma ta dubi 'yarta. Wannan ce aka samu bayan ɓari da ɓari, bayan shekarun da ta yi tana naɗe kayan jarirai tana mayarwa akwati. Komai nata biyu ne a duniya, ban da wannan. Maganar Auta ta dawo mata, kukan matar Auta a kicin ya dawo mata, har da addu'ar da ko bushewa ba ta yi a bakinta ba.

"Kina jin tsoro?" in ji Umma.

"Ina ji. Amma ina so Baba ya sha ruwa ya ƙoshi."

Ta matse hannun uwar.

"Likita ya rufe ƙofa ya tambaye ni ko da son raina na zo. Ya ce in akwai shakka, ko tawa ko ta gida, zai ce bai dace ba, magana ta mutu. Baba bai san na yi gwajin ba ma. In kin ce a'a, ba zai taɓa sani ba. Daga ni sai ke."

Ta cikin gilashi Umma ta hango Kafinta. Ya ture labulen, ya gan su zaune tare, ya ɗaga musu ɗan kofinsa na awo yana murmushi, alamar a zo a zuba masa rabonsa.

Ƙofar ofishin da ke ƙarshen baranda ta buɗe. Nas ta leƙo, ta yafito Tilo da hannu, ta ce likita yana jira, akwai wasu a layi.

Tilo ta miƙe tsaye, amma ba ta saki hannun uwarta ba.

"Umma, me zan ce masa?"